Daga Kukan Jirgin Ƙasa Zuwa Gudun Biranen Taurari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar jirgin ƙasa, ko kuwa a gefen babban titi sa'ad da wata babbar mota ta taho a guje, direbanta ya danne oda bai saki ba, ya ji wani abu da kunnensa ko da bai tsaya ya yi tunani a kai ba. Muddin motar tana tahowa, kukan odarta siriri ne, mai tsini. Da ta gifta ta ba da baya, sai kukan ya faɗo, ya yi kauri, kamar makaɗi ya sassauta kalangu a hammatarsa. Shi kuwa direba da yaran motarsa ba su ji wani sauyi ba, a kunnensu murya guda odar nan take yi tun daga Funtuwa har Gusau. Na tsaye da na cikin mota kowa gaskiya ya ji, kuma a cikin wannan saɓani nasu akwai ilmi mai yawa.

Dalilin kawo zancen a wannan fili shi ne, sau da yawa akan ji a rediyo cewa masana ilmin falaki sun hango wani tarin taurari can cikin sararin samaniya, yana nisantar duniyar nan da gudun kilomita dubu kaza a sakan guda. Mai hankali in ya ji haka sai ya tambaya, wa ya je can ya auna? Tambaya ce mai kyau, ba ta gardama ba ce, kuma ta cancanci amsa. Ba wanda ya je. Amma hanyar da aka bi aka auna ita ce dai wadda kunnen mai tsaye a bakin titi ya bi.

Da farko sai a san mece ce ƙara. In makaɗi ya bugi ganga, fatar takan tura iska ta janye, ta sake turawa ta janye, sai taguwa ta riƙa bin taguwa cikin iska, kamar yadda ruwan kududdufi ke yi in an jefa dutse. Taguwoyin nan suna cin kimanin mita 340 a sakan guda. Aikin kunne ƙidaya ne: in taguwa da yawa suka iso masa a sakan sai ya ji murya siririya, in kaɗan ne sai ya ji kakkaura. Masu sauraron rediyo sun daɗe da sanin wani ɓangare na wannan zance, don kuwa sa'ad da aka ce ana kama wata tasha a gajeren zango, a kan mita 31 ko mita 49, tazarar da ke tsakanin taguwa da 'yar'uwarta ake nufi. Gwargwadon gajartar zango, gwargwadon yawan taguwar da ke isowa a sakan.

To, a ɗauki misalin madugu a zamanin fatauci, ya tashi da ayari daga Kano zai tafi Gwanja sayen goro, ya kuwa yi alkawari kowace safiya zai tura manzo gida da labari. A ce manzo yana cin kilomita 60 a yini, ayari kuma 20. Muddin ayari yana zaune a zango guda, mutanen gida za su riƙa ganin manzo ɗaya kowace rana. Amma da ayari ya ɗaura kaya ya yi gaba, kowane manzo zai taso ne daga wurin da ya fi na wanda ya gabace shi nisa da kilomita 20, saboda haka sai an yi kwana ɗaya da sulusi tsakanin manzo da manzo. Ran da ayari ya juyo gida kuwa, sai manzanni su riƙa isowa a kan sulusi biyu na kwana, wannan na bin diddigin wannan. Madugu bai sake al'adarsa ba ko kaɗan. Amma mai zaune a Kano, in dai ya san alkawarin da aka yi, ya kuma san saurin manzo, ƙidaya kawai za ta gaya masa ko ayari tafiya yake ko komowa, har ma da irin saurin da yake yi, ba tare da ya fita ƙofar gari ba.

Haka al'amarin yake ga jirgin ƙasa. In usur ɗinsa yana fitar da taguwa 400 a sakan, jirgin kuma yana gudun kilomita 72 a sa'a, wanda ke gabansa taguwa 425 zai ji, wanda aka bari a baya kuwa 378. Bambancin nan ne kunne ke ji a matsayin faɗowar murya.

Wanda ya fara tsara wannan zance da lissafi wani malami ne ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, wanda aka haifa a Salzburg a 1803, ɗan gidan masu sassaƙar dutse. A watan Mayu na 1842 ya karanta takardarsa gaban wani taron masana a birnin Prague. Abin lura shi ne, ba ƙara ce ta dame shi ba, launin taurari ne. Ya ga wasu taurari jajaye, wasu sun yi shuɗi-shuɗi, sai ya ce ai tafiyarsu ce ta jawo haka. A nan ya yi kuskure, domin daga baya an gane zafin tauraro ne ke ba shi launi, mai tsananin zafi shi ne mai shuɗi, mai dama-dama shi ne ja. Ƙa'idarsa daidai ce, misalin da ya ɗora ta a kai ne bai karɓe ta ba. Ya rasu a Venice ta ƙasar Italiya a 1853, yana da shekara 49, bai ga inda zancensa ya kai ba.

Gwajin farko kuwa abin dariya ne in an ba da labarinsa. A 1845 wani saurayin masani ɗan ƙasar Holan, Buys Ballot, ya nemi aron jirgin ƙasa a kan hanyar Utrecht zuwa Amsterdam, ya ɗora masu busa ƙaho a buɗaɗɗen tarago, ya kuma jera waɗansu mabusan masu kaifin kunne a gefen hanya. Na cikin jirgi suka riƙe murya guda, na ƙasa suna rubuta abin da suka ji. Yunƙurin farko, cikin hunturu, ƙanƙara ta ɓata shi, sai da bazara ta shigo aka sake. Sakamako ya fito kamar yadda lissafi ya ce: murya tana hawa in jirgi na tahowa, tana sauka in ya wuce.

Shi ma haske taguwa ne, sai dai gudunsa kilomita 300,000 ne a sakan, zangonsa kuma ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Abin da kauri da siranta suke ga kunne, shi ne launi ga ido. A cikin launukan bakan gizo, ja shi ne mai dogon zango, watau kakkauran murya, shuɗi kuwa mai gajeren zango ne. Saboda haka fitilar da ke nisantar mutum haskenta zai karkata wajen ja, wadda ke tahowa kuma wajen shuɗi. Amma fa ido ba ya ganin wannan a harkar yau da kullum, don komai gudun mota bai kai a kwatanta shi da na haske ba. Direban da zai ce wa ɗan sanda gudu ne ya sa jar fitilar kan titi ta zame masa koriya, sai in yana cin kusan kilomita 50,000 a sakan.

In ido ba ya gani, da me za a auna? A nan ne misalin madugu ya sake amfani: sai an san alkawarin da aka yi tun asali. A 1814 wani magyarin gilashi Bajamushe, Joseph Fraunhofer, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje kamar bakan gizo, sai ya ga waɗansu siraran baƙaƙen layuka sun tsattsaga launukan, ya ƙidaya fiye da 500. Wajen 1859 waɗansu Jamusawa biyu, Kirchhoff da Bunsen, suka gano ma'anarsu. Kowane sinadari yana shanye haske a wurare ƙayyadaddu, ya bar layukansa a jere, jerin da babu wani sinadari mai irinsa. Kamar dai yadda ake gane Bagobiri ko Babarbare da tsagar fuskarsa, haka ake gane iskar haidurojin, ko ƙarfe, ko sinadarin da ke cikin gishiri, a cikin hasken tauraro. An kuwa san mazaunin kowane layi daidai wa daida, domin an auna shi a ɗakin gwaji a nan duniya. In aka duba hasken wani tauraro aka ga tsagar haidurojin cif, ba ta ɓace ba, ba ta hargitse ba, amma dukan jerin ya gusa wajen ja, to an san tauraron nisa yake yi, kuma yawan gusawar shi ne ma'aunin gudunsa. Wani Bafaranshe, Fizeau, ya nuna wannan hanya tun 1848.

Faɗi ya fi aikatawa sauƙi. A 1868 wani Bature ɗan Ingila, William Huggins, ya gwada ta a kan tauraron Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, yana duban layukan da ƙwayar idonsa. Ya ce tauraron guduwa yake yi, alhali kuwa awon yau ya nuna matsowa yake yi a hankali. Sai da aka fara ɗaukar hoton layukan a kan faranti sa'an nan awo ya zama abin dogaro.

Mutumin da ya kai wannan awo wajen da ba a taɓa kai shi ba, sunansa bai cika fitowa a littattafan makaranta ba. Vesto Slipher ne, ɗan manomi daga jihar Indiyana ta Amurka, mai aiki a gidan duban taurari na Lowell da ke Arizona. A lokacin akwai waɗansu 'yan dusu-dusun haske a sama, masu siffar gammo, waɗanda ba a san ko mene ne ba. Maigidansa, Percival Lowell, yana zaton rana ce sabuwa da duniyoyinta ke ƙulluwa, ya sa shi ya bincika. Haskensu ya yi rauni ainun, har faranti guda kan ci sa'o'i masu yawa, wani lokaci darare biyu ko uku, mutum na tsaye cikin sanyi yana bin abin da madubi kada ya kuɓuce. A 1912 ya fara da mafi girmansu, wanda ake kira Andiromeda, ya tarar yana tahowa da gudun kilomita 300 a sakan. Ba a taɓa auna irin wannan gudu ga wani abu na sama ba. Ya ci gaba. Zuwa 1917 ya auna guda 25, ya ga huɗu ne kawai ke tahowa, 21 duk nisa suke yi, waɗansu da fiye da kilomita 1,000 a sakan.

Saura sanin nisansu, wanda layukan haske ba su faɗa. Mabuɗin wannan ya fito daga hannun wata mace, Henrietta Leavitt, mai aikin duba faranti a jami'ar Harvard a kan ɗan albashi. A 1912 ta nuna cewa akwai wani irin tauraro mai ƙara haske yana ragewa a kan lokaci ƙayyadadde, kuma gwargwadon tsawon lokacin nan, gwargwadon ƙarfin haskensa na ainihi. Matafiyi da dare in ya hango wuta, ya kuwa san ko aci-balbal ce ko fitilar mota, zai iya kintatar nisanta daga dusashewarta. A 1923 Edwin Hubble, yana aiki da madubi mai faɗin inci 100 a kan dutsen Wilson a Kalifoniya, ya sami irin wannan tauraro a cikin Andiromeda. Lissafi ya nuna abin yana can nesa, waje da tarin taurarin da rana take ciki. Ashe kowane ɗan dusun nan birni ne na taurari mai zaman kansa, mai taurari dubban miliyoyi.

Da aka jera gudu da nisa kafaɗa da kafaɗa sai wani abu ya bayyana: birnin da ya ninka wani nisa, ya ninka shi gudu. Wanda ya fara faɗin haka, ya kuma ba da dalilinsa, wani limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, a 1927, amma ya rubuta da Faransanci a wata mujalla da ba kowa ke karantawa ba. Hubble ya buga nasa a 1929 da birane 24, kuma yawancin gudun da ya yi aiki da shi awon Slipher ne, bai ko ambaci sunansa a takardar ba. Suna ya bi Hubble shekara da shekaru. Sai a 2018 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta jefa ƙuri'a ta ba da shawarar a riƙa haɗa sunan Lemaître da nasa. Shi Slipher har yau ba a sa nasa ba, wannan kuwa rashin adalci ne, don shi ya sha sanyin. Akwai kuma Milton Humason, wanda ya fara da korar alfadarai masu kai kaya kan dutsen Wilson, ya zama mai shara a gidan, daga bisani ya zama gwanin ɗaukar faranti. Shi ya kai awon har kusan kilomita 20,000 a sakan a 1931, ƙa'idar kuwa ba ta karye ba.

Mai karatu zai iya cewa, in kowa gudun duniyar nan yake yi, ashe ita ce tsakiya ke nan. Ba haka ba ne. A sami robar da ake ɗaure kaya a bayan keke, a ɗiɗɗiga mata alli, inci guda tsakanin ɗigo da ɗigo, sa'an nan a ja ta har ta ninka tsawonta. Ɗigon da ke maƙwabtaka da na farko ya matsa da inci guda, na goma kuwa ya matsa da inci tara, duk a lokaci ɗaya. Kowane ɗigo aka zaɓa aka tsaya a kansa, haka zai ga sauran suna yi masa, na nesa ya fi na kusa sauri. Abin da masana suka fahimta ke nan: sararin ne da kansa ke buɗewa, biranen kuma yana tafe da su.

Wannan ya sa dole a yi wa misalin jirgin ƙasa iyaka. Ga taurari da biranen da ke kusa, zancen Doppler ya isa. Ga na can nesa ƙwarai kuwa, masana sun fi son su ce haske ne ya miƙe a kan hanya, domin sararin da yake ratsawa ya yi ta buɗewa tun ran da ya taso. A nan gusawar layuka tana faɗin sau nawa sarari ya ninka tun tasowar hasken. A 2024 madubin James Webb, wanda aka harba sama ran 25 ga Disamba 2021, ya auna wani birni da zangon haskensa ya ninka sau 15. Hasken ya taso ne kimanin shekara miliyan 290 bayan farkon buɗewar sarari, wadda ake lissafa ta a shekara miliyan 13,800 da suka wuce. Ya miƙe har ya zarce ja, ya faɗa irin hasken da ido ba ya gani, don haka ma aka ƙera madubin ya riƙa ganin wannan iri.

Kada a ɗauka masanan ba su yi tuntuɓe ba. Hubble ya ce gudu yana ƙaruwa da kilomita 500 a sakan a kan kowace tazarar da haske ke ci cikin shekara miliyan 3.26. In aka bi wannan adadi baya, sai ya nuna shekarun sararin samaniya duka ba su wuce miliyan 2,000 ba, alhali masana duwatsu suna samun duwatsun ƙasa da suka kai haka, ƙasar kuwa yau an san ta kai shekara miliyan 4,500. Ɗa ya girmi ubansa ke nan. Laifin ba na layukan haske ba ne, na awon nisa ne. A 1952 Walter Baade ya nuna taurarin nan masu ƙara haske suna ragewa iri biyu ne, an cuɗanya su, nisan birane ya ninka nan take. A 1958 Allan Sandage ya sake gyara, adadi ya sauko wajen 75. Har yanzu da saura, domin awon da na'urar Planck ta Turai ta yi ya ba da kimanin 67, na Adam Riess da abokan aikinsa kuma kimanin 73, kowane ɓangare ya sake duba lissafinsa ya ce bai ga kuskure ba. Daga 500 zuwa gardama a kan shida an yi tafiya, amma gardamar ba ta mutu ba.

Akwai kuma abin da wannan awo ba ya iya faɗa. Yana nuna tahowa da komawa ne kawai, ba ya nuna giftawa, kamar yadda mai zaune a Kano ba zai gane ba in ayari ya riƙa kewaya gari a nisa guda. Shi ya sa makomar Andiromeda ba ta tabbata ba. An san yana matso birnin da rana take ciki da kimanin kilomita 110 a sakan, in an cire tafiyar ita rana kanta daga 300 ɗin Slipher, domin kusancinsu ya sa jan da suke yi wa juna ya rinjayi buɗewar sarari. An daɗe ana cewa za su yi karo nan da shekara miliyan 4,000 zuwa 5,000, sai wani bincike na 2025 ya ce abin rabi da rabi ne, ko a cikin shekara miliyan 10,000, saboda giftawarsa tana da wuyar aunawa.

Wanda ke son ganin Andiromeda ba ya bukatar madubi. Masanin falaki Abdurrahman al-Sufi ya gan shi da ido, ya rubuta shi a littafinsa na taurari wajen shekara ta 964, ya kwatanta shi da ɗan gajimare. A ƙasar Hausa lokacinsa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, cikin Oktoba da Nuwamba, kafin hazo ya rufe sama. A fita bayan gari inda babu wutar lantarki, a daren da babu farin wata, wajen ƙarfe tara zuwa goma, a fuskanci arewa a ɗaga kai sosai. Za a ga ɗan dusun haske mai tsawo, kamar an shafa alli da yatsa, ya fi fitowa in an ɗan kauda ido gefe. Hasken nan ya yi shekara miliyan biyu da rabi a kan hanya.